Keken Surukina da Man Shanun Garata

Ranar da aka yi jana'izar surukina, babu babur ko ɗaya da ya shigo garinmu da ƙara. Ina tsakar gida cikin mata sai ƙanwar maigidana ta ja hannuna, ta ce in zo in leƙa ta kafar katanga. Na leƙa. 'Yan kabu-kabu ne da makanikai, daga Rabah, daga Wurno, har daga Goronyo inda aka haife ni, kowa ya kashe injinsa tun daga tsamiyar bakin gari ya sauko yana turawa da hannu. Wasu da furfura, wasu ko gemu bai tsiro musu ba, ga rana ta take. Babu wanda ya ba su umarni. Na gaba ne ya yi, na baya suka bi. Har lokacin ban yi kuka ba, ina ta fama da tabarmi da ruwan baƙi. A jikin katangar nan kuka ya ƙwace mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku ana zaman makoki, kowa da abin da ya tuna. Wani makanike daga Goronyo, dattijo mai jikoki, ya zauna a ƙofar gida yana sharɓar hawaye yana cewa, "Yanzu in inji ya gagare ni, wurin wa za ni?" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi shekaru tana faɗa da Baba, wato surukin nawa, kan hayaƙin maƙerarsa da ke shiga ɗakinta, ta shigo ta zauna ta ce, "To, hayaƙi ya ƙare. Ni kau ba haka nic ce a ɗauke shi ba." Manoman albasa kuwa labarinsu ɗaya ne, injin ban ruwa da aka ce ya mutu, Baba ya zo ya tashe shi.

Kafin a sallace shi, liman ya juya ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa domin Allah. Maigidana ya ce mini sahu gaba ɗaya ya amsa. Amma mutumin da ya fi kamata ya amsa ba ya cikin sahun. Kawu baduku bai zo ba. An aika masa Wurno, inda yake zaune wurin ɗansa, ɗan aike ya dawo ya ce tsoho ya yi salati, amma bai taso ba. Shi ne aminin Baba tun suna yara, shi ya sa 'ya'yan gidan ke ce masa Kawu. Sun fi shekara arba'in babu abin da ke haɗa su sai sallama. Duk gari ya san a kan keke suka ɓata. Ni kaɗai, a tunanina, na san wanda ya haddasa, domin ni ce. Tun da aka fita da makara abu ɗaya ya tsaya mini a ƙirji: kada Baba ya kwanta da haƙƙin amininsa a wuyansa saboda ni.

Ba zan rubuta sunan surukina ba. Ban taɓa faɗinsa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Matar babban ɗansa ce ni, an kawo ni daga Goronyo zuwa ƙauyensu kusa da Tursa, kuma wanda ya san surukuta irin tamu ya san maganar. Duk tsawon zaman nan, abin da ya shiga tsakaninmu baki da baki bai wuce gaisuwa ba, ita ma ina durƙushe kaina a ƙasa. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya a zaure don in kauce. In yana da magana da ni, bango yake gaya wa. Ina tsaye taku biyu daga gare shi zai dubi katanga ya ce, "A hwaɗa ma amarya miya ta yi gishiri yau." Ni ma sai in gaya wa tukunya cewa an ji. Amarya yake ce mini har na yi jikoki, har haƙorana suka fara sallama da ni. Saboda haka da kunne na san shi, daga bayan zana, kuma ina ganin sanin da ya dace da shi ke nan.

Maƙeri ne ɗan maƙeri. Garma, lauje da gatari ya tashi yana ƙerawa, sai ya je Sakkwato cin rani yana saurayi ya dawo da gyaran keke a hannunsa. Daga keke ya kama duk abin da ke da inji, ba tare da kowa ya koya masa ba. In aka kawo masa inji mai ciwo, ba ya taɓa sifana tukuna. Karan dawa yake karyowa, ya ɗora kai ɗaya a jikin injin, ɗaya a kunnensa, ya lumshe ido. "Tada. Kashe. Tada." Sai ya buɗe ido ya nuna wurin da yatsa, a kwance a tarar nan ne. Na ga mutane sun koma gida suna cewa aljanu ne ke gaya masa. Shi kuwa in ya ji sai ya yi tsaki ya ce, "Wane aljani? Shi injin da bakinai shika hwaɗi. Ku na ba ku saurare."

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a ce na shafa masa mai shi ma. In ya ga mutum yana bugun inji da guduma don ya ƙi tashi, sai ya ƙwace gudumar ya ce, "Mi yay yi maka?" Wanda bai canza baƙin mai ba kuwa sai ya sha wa'azi ya fi na Juma'a tsawo kafin a taɓa masa babur. Duk wanda ya zo koyon aiki, wata guda yake yi a zaune yana sauraro kafin a bar shi ya riƙe ƙarfe. Da yawa sun gudu. Waɗanda suka tsaya su ne na gani suna tura babura a rana. Amma mutumin nan dai shi ne zai taka har fadama da tsufansa don injin wata gwauruwa ya tsaya albasarta na ƙonewa, ya gyara, ya dawo yana ƙunƙuni cewa ba a iya riƙon kaya ba.

Keken shi ne abin da nake so kada a manta. A lokacin babur a ƙauyenmu sai dai a gani ƙarƙashin ma'aikaci in ya zo wucewa. Wani malamin gona ya jefar da ɗan ƙaramin injin feshi da ya lalace, Baba ya tsinta. Ya tashe shi, ya zauna yana kallonsa yana kallon kekensa, shi ke nan barci ya ƙaurace wa gidan har damina biyu. Ya ƙera maɗaurin da ya riƙe injin a tsakiyar keken. Ya yi tankin fetur da gwangwani. Ya ƙera wani kewayayyen ƙarfe mai kwari a baki ya liƙa a tayar baya. Abin da ya rage shi ne abin da zai ɗauki ƙarfin injin ya kai wa tayar. Ya gwada sarƙa, injin ya riƙa fizgarta tana tsinkewa. Sai ya je wurin Kawu baduku. Kawu ya yanko fata daga gadon bayan bijimi, ya jiƙa, ya murɗa, ya ɗaure tsakanin turaku biyu ta bushe a inuwa. Wannan igiyar fata ita ce kiri. Sun ɓata fata ba kaɗan ba kafin su dace da wadda ta kama.

Duk wannan lokaci babu mai goyon bayansa sai Kawu. Inna matarsa, Allah ya jiƙanta, cewa take ɓarnar ƙarfe ce. 'Ya'yansa kunya suke ji. Mutanen gari suka sa wa keken suna Mai Tari, don sai ya yi ta tari kafin ya tashi. Ni dai a satin farko na zuwana na ji wata ƙara, na manta ni amarya ce na leƙa waje. Ga surukina a kan keke, ƙafafunsa a tsaye cik ba ya taka feda, riga ta cika da iska, keke na tafiya da kansa. Na sha ganin mota da babur a Goronyo, amma waɗancan daga wata duniya aka kawo su. Wannan kuwa mutumin da na tuƙa wa tuwo jiya ne ya yi shi da hannunsa, a rumfar da nake sharewa. Tsigar jikina ta tashi. Har yau in na tuna sai ta tashi.

Malamin gonar ya ji labari. Ya ce akwai matattun injina irin wannan jibge a ma'ajiyarsu. In Baba ya hau keken a gabansa ya je Wurno ya dawo, zai yi magana a ba shi su duka, ya riƙa haɗa wa manoma. Aka sa rana. Na ji Baba daga bayan zana yana gaya wa Kawu inda zai faɗaɗa rumfa, da yadda Kawu zai riƙa yin kiri shi yana ƙira. Murya ce ta mutumin da ya hango abin da aka halicce shi dominsa.

Ana gobe za a yi, bayan la'asar, maza sun tafi masallaci, na shiga zaure shara. Na tsaya a gaban keken. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Sai na ga kirin ya bushe ƙamas, ya yi fari, har da 'yan tsage-tsage. A gidanmu ba a barin fata haka. Guga, takalmi, sirdin jaki, duk abin da yake na fata in ya bushe mahaifiyata man shanu take shafa masa. Na ce a raina, mazan gidan nan sun iya ƙarfe amma ba su san tattalin fata ba, bari 'yar Goronyo ta nuna musu tarbiyya. Na shiga ɗaki na buɗe garata, kayan abincin da iyayena suka rako ni da su, na ɗauko ƙwaryar man shanu. Ban yi rowa ba. Na shafe kirin ciki da waje, na mulmula har ya yi laushi yana sheƙi, na ƙarar da man duka. Na koma ɗaki ina jin daɗin kaina ƙwarai.

Da hantsi gari ya taru. Mai gari ya zo, malamin gona ya zo da motarsa. Mu mata muna leƙe ta katanga. Baba ya tura keken ya haye ya taka feda, inji ya yi tarinsa ya kama. Ya ɗauke ƙafa. Inji ya yi ta ruri, keke ya yi ta rage gudu, har ya tsaya a gaban jama'a. Kiri na zagayawa yana zamewa, taya ko motsi. Ya sauka ya ɗebi ƙasa ya zuba masa, ya kama taku goma ya sake saki. Ya sa toka, haka. Kirin ya riga ya sha mai ya miƙe. Wani ya ce Mai Tari yau kuka yake yi, aka fashe da dariya. Malamin gona ya duba agogo, ya ce wata rana, ya shiga mota. Ba a yi wata biyu ba aka canza masa wurin aiki, maganar injina ta bi shi. Kafin azahar magana ta gama gari cewa aikin Baba lafiya lau, kirin baduku ne na banza.

Da yamma Kawu ya zo zaure. Ina bayan zana da tsintsiya a hannu. Na ji ya ja numfashi ta hanci, ya sake ja.

"Wanga kiri an shahwa mai man shanu," in ji Kawu. "Wa yash shahwa?"

Baba ya ce, "Ni na."

"Kai? Kai da nic ce ma ko ruwa kada ya taɓa shi? Ƙarya kaka yi. Tun muna yara ba ka taɓa yi mini ƙarya ba sai yau."

Ban tsaya jin saura ba. Na yar da tsintsiya na gudu ɗaki na toshe bakina da zane.

Kawu bai sake yi masa kiri ba. Kasuwarsa ta yi sanyi, don mutum zai ɗauki igiyarsa ya juya ya ce, wannan ba irin ta keke ba ce ko? Daga baya ya tattara ya koma Wurno. Baba ya samo bel ɗin injin niƙa ya sa, keken ya yi masa shekaru yana zuwa Rabah da Goronyo, har babura suka yi yawa aka daina juyowa a kalle shi. Bai sake haɗa wani ba. Tsohon kirin kuwa ya rataye shi a ƙusa a zaure, ni ce nake share ƙarƙashinsa kowace safiya. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Da farko tsoro ne, kada a ce amarya ta shigo da tsiya. Daga baya kunya ce. Ta yaya zan buɗe baki in yi wa mutumin da ko sunansa ban faɗa doguwar magana? Kowace shekara sai abin ya ƙara nauyi.

Ga kuma wata al'ada da ya tsira tun daga shekarar. Duk ƙarshen damina, in mai ya yi yawa wurin matan Fulani, sai ya sayi ƙwarya guda cike ya ajiye a bakin zaure ya ce wa bango, "A kai ma amarya." Ban taɓa cin man nan da daɗin rai ba. Wata shekara in ce ya sani, yana tuna mini ne. Wata shekara in ce a'a, kyauta ce kawai, zuciyata ce ke cina. Tambaya kuwa babu hali.

Shekarun baya kaɗan, babban ɗana, wanda ke kabu-kabu tsakanin Rabah da Wurno, ya zo da wani tsohon hoto a waya ya nuna masa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Baba ya kai wayar kusa da ido ya daɗe, ya ce, "Wanga ai kekena na. Wa yaɗ ɗauke shi hoto?" Yaron ya ce ba nasa ba ne, na Turai ne, tun kafin a haifi Baba. Ya ce yawancin waɗanda suka fara yin babur masu haɗa keke ne da maƙera, a 'yan rumfuna suka fara, suna ɗaura wa keke ƙaramin inji. Kuma da yawansu da igiyar fata suke jan taya, in ruwa ko mai ya taɓa ta sai ta yi ta zamewa. Baba ya yi dariya har ta koma tari. "Ashe su ma da kiri sunka hwara! Ashe su ma ya yi musu santsi!" Ya nemi a sake nuna masa, ya bi maɗaurin injin da farce, ya ce nasa ya fi wannan ƙarfi. Can ya ce a hankali, "Su sun samu wanda yaj jira su gyara." Ya miƙa wa yaron wayarsa. Ni dai shinkafar nan da tsakuwarta aka ci ta.

Abin da ya ba ni mamaki a ranar shi ne mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba, teku a tsakaninsu, sun dubi keke sun yi tunani ɗaya, sun ci karo da matsala ɗaya. Na wajensu sun zama masu manyan masana'antu. Namu ya tsaya a rumfarsa. Na san ba zan iya rantsewa cewa da ya kai Wurno da ya zama wani abu ba, amma ban kuma iya rantsewa da ba zai zama ba.

Ya rayu har ya ga zamanin da ƙarar babura ta zama abin tsoro a ƙasarmu saboda 'yan bindiga. Ƙarar da da can yara ke fitowa da gudu su gani, yanzu in ta yi yawa uwa tattara 'ya'yanta take yi. A shekarun nan kunnensa ya zama garkuwar unguwa. Ana jin ƙara daga nesa sai a dubi Baba. Ya karkata kai, ya ce, "Namu na, ku zamna. Ni nig gyara shi." Kowa ya koma bakin aikinsa. Ranar da ya yi shiru bai ce komai ba, ba a jiran a gaya wa kowa abin yi. Abin yana cinsa. Na taɓa jin ya ce wa ɗansa ba don haka ya so ƙarfen nan ba.

Rana ta huɗu da rasuwa na gaya wa maigidana komai. Ya dube ni kamar yau aka kawo ni, ya ce, "Ke ta?" Na ce ni ce. Ya shafa gemu ya ce in tafi wurin Kawu. Na sauko da kirin daga ƙusa, ya bushe kamar icce, na naɗe a zane. Babban ɗana ya ɗauke ni a babur zuwa Wurno.

Mun sami Kawu a gindin dogon yaro, ido ya tafi, hannu na murza wani guntun fata don dai kada ya zauna haka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya amsa a taƙaice. Na ɗora masa kirin a cinya. Yatsunsa suka bi murɗin tun daga kai har ƙarshe.

"Wanga aikina na," in ji shi.

"Kawu, ni ta nish shahwa mai man shanu. Ba Baba na ba. Ni ta, da man garata. Na zo ka yahe mini, kuma ka yahe mai."

"Na sani."

Na ɗago kai, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Mutumin da ka jin ciwon inji tun daga bakin gari, shi na ba shi jin sawun amarya bayan zana? Mun ji sanda kiy yad da tsintsiya. Da kin tsaya da kin ji sauran." Ya gyara zama. "Yac ce mini, tun da nih hwara keken ga, matata ta ce ɓarna ta, ɗiyana na jin kunya, gari na dariya. Yarinyag ga kwananta goma sha huɗu gidan ga, ita ɗai tad dube shi tag ga shina son wani abu, tak kwashe man da uwatta tab ba ta taz zuba mai. In kai sunanta kasuwa? Yac ce gara a yi ta zaginai. Nic ce ai ba kai aka zagi ba, ni aka zagi. Yay yi shiru. Shirun ga shi yar raba mu. Ya ruhe ki da rigata, ni ya bar ni hakanan."

Na ce, "Kai kau, Kawu, mi yah hana ka hwaɗi? Ai da ka wanke kanka."

"Ina da ɗiya gidan miji ni ma." Ya juya kirin a hannunsa. "Ban hwaɗi ba, amma ban yahe ba. Ina ta jiran wani ya taso daga gidan ga ya zo ya ce mini, aikinka ba shi da laihi. Shi taurin kai, ni taurin kai. Ga shi ya riga ni."

Na yi kuka a gindin bishiyar nan har ɗana ya juya baya. Dattawa biyu sun rasa abota, ɗaya ya rasa kasuwa, ɗaya ya rasa burinsa, duk don kada a yi wa baƙuwar yarinya dariya a bakin rijiya. Kuma a nan ne na gane ƙwaryar da ake ajiye mini duk ƙarshen damina. Godiya mutumin nan yake yi mini, shekara fiye da arba'in, ni ina karɓa da tsoro.

Na sake roƙonsa. Ya ce, "Inda anka zage ni, can za a wanke ni."

Ranar addu'ar bakwai ɗana ya je ya ɗauko shi. Shi ma a tsamiya suka kashe inji, aka riƙo hannunsa har ƙofar gida. Bayan an shafa fatiha, na tsaya a cikin zaure bayan ƙyaure, inda ba a ganina amma ana jina, na nemi izinin liman. Na faɗi abin da na yi tun daga tsintsiya har ƙwarya. Na ce kirin Kawu ba shi da aibi, wautata ce. Can wani tsoho daga cikin waɗanda suka yi dariya a wancan hantsin ya ce, "Man shanu? La ilaha illallahu, man shanu!" Sai dariya ta ɓarke, wasu na yi suna share ido. Tsohon ya rarrafa ya kama hannun Kawu ya ce shi ma a yafe masa.

Liman ya ce, "To, malam, mi kac ce?"

Kawu ya juyo wajen muryar liman. Sannan ya ce, "Na yahe mai duniya da lahira. Ni ma Allah shi sa ya yahe mini. Ba a sake yin maƙeri irinai ƙasag ga."

Man da Baba ya aiko mini a ƙarshen daminar bara na soya na adana, da saura a kwalba. Ranar na juye shi duka a kan tuwon Kawu, na kai masa da kaina na durƙusa. Ya jawo kwanon, ya sunkuya ya shinshina kamar yadda ya yi wa kirin, ya gyaɗa kai.

"Yawwa, amarya," in ji shi. "Nan na wurinai. Bisa tuwo."

Keken na nan a zaure, kirin ya koma ƙusarsa. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ya rufa wa baƙuwa asiri tun bai san halinta ba. Ka rufa masa nasa.